Busar Tonton Previlis

Tonton Previlis bai san shekarar da aka haife shi ba, amma ya san wurin: bayan rumfar matsar rake, a gandun wani Bafaranshe da ke gindin dutsenmu. Da rake ya buɗe ido, da bulala ya girma. Lokacin da bayi suka tashi suka cinna wa gandaye wuta yana saurayi, ya bi su kan dutse daga shi sai adda. Harbi kam bai iya ba. Shi da bakinsa yake cewa ranar da aka ba shi bindiga saura kaɗan ya kashe jakin rundunarsu. Sai aka rataya masa ƙatuwar katantanwar teku a wuya, tunda Allah ya hore masa huhu.

Busar iri biyu ce. Doguwa, a zo a taru. Gajeru a jere kuwa, sojoji sun taso: maza su ɗauki makami, mata su kwashi yara su shige kwazazzabo. Da wannan ya yi nasa yaƙin har aka fatattaki Faransawa, ƙasa ta zama Haiti, wuyan kowa ya zama nasa.

Ya samu ɗan fili a gangare, ya shuka kofi da ayaba, ya auri Filomiz, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Katantanwa ta koma kiran gayya. Babbar ranarta ita ce safiyar sabuwar shekara, ranar 'yanci. Kowane gida ana dafa miyar kabewa, wadda tsofaffi ke cewa a da bawa ke dafa wa ubangidansa, shi ba ya ko lasa. A ƙauyenmu ba mai buɗe tukunya sai Previlis ya hau dutsen bakin hanya ya ja doguwar busarsa. Wannan busar ita ce girmansa a duniya, kuma ya sani.

Sai tsufa ya fara karɓar haƙoransa. Da damina haƙoran gaba suka tafi. Maƙwabcinsa Sentil, wanda suka yi zaman dutse tare, yana da ƙahon bijimi na busa, kuma ya daɗe yana ƙyalla ido a kan matsayin Previlis.

"Mutumina, ka huta mana," in ji Sentil. "Bakin da ba ya riƙe rogo, ina zai riƙe busa?"

"Ƙahonka akuya ma ba ta amsa shi."

"Akuyar ta fi ka haƙora dai."

Filomiz tana fere kabewa ta sa baki: "Tsoho, ka gwada a bayan gida tukuna, kada ka ba mu kunya."

Bai gwada ba. Tsoro yake ji, tsoron da bai ji ba ko gaban igwa. In ya gwada ta ƙi, shi ke nan ya zama tsoho kamar kowane tsoho.

Ranar ta zo. Gari ya waye, ƙamshin miya ya cika gangare. Previlis ya hau dutse, ya cika ƙirji, ya kafa leɓe. Iska ta riƙa zillewa ta giɓi. Maimakon doguwar busa, sai ta fito guntu-guntu, da ƙarfi kuwa, ɗaya na bin ɗaya har kwari ya amsa.

Samari suka fashe da dariya. Tsofaffi ba su yi ba.

Ƙofofi suka buɗe. Ga wani da ba ya miƙewa sai da sanda ya fito da adda, ya manta sandar. Ga Filomiz da taɓarya. Ga Sentil a kan gaba da tsohuwar bindigar da tsatsa ta cinye, babu riga, yana tambayar ta wace hanya suka ɓullo. Zabet kuwa, tsohuwar da ke gidan ƙarshe, ta saɓi jikarta a baya ta nufi kwazazzabo, sai da ɗanta ya bi ta da gudu ya tare ta.

Da aka gane babu kowa sai giɓin Previlis, dariya ta kwantar da mutane a ƙasa. Sentil ya zauna yana haki, Filomiz tana zagin mijinta tana share hawaye. Previlis dai kunya ta rufe shi. Ya sauko, ya cire katantanwar daga wuya, ya miƙa wa Sentil.

Sentil bai karɓa ba, domin lokacin ne aka dawo da Zabet. Har yanzu ta ƙi sauke yarinyar.

"Na ɗauka sun dawo ne," ta ce. "Ta farin da na haifa a gandu suka sayar, ban ko yaye ta ba. Na ce wannan kam sai dai su bi ta kaina."

Ta dubi Previlis da hannunsa a miƙe.

"Mayar da abinka wuya, ɗan'uwa. Mun tsufa, mun tsufa, amma ka kira mun fito. Sai ka sanar da su a buɗe tukwane, yarinyar nan yunwa take ji."