Fensiran Baba huɗu

Ni ce na ɓata aikin shekara tara na mahaifina, kuma da kyakkyawar niyya na ɓata shi. Wannan niyyar ba ta taɓa rage mini nauyin abin ba.

Baba ya yi shekara talatin yana gyaran rubutu a gidan buga littattafai. Aikinsa ya ajiye takarda biyu gefe da gefe, ya gano inda mai kwafa ya kauce. Ko wasiƙa ka aiko masa sai ta dawo maka da gyara. Mama takan ce shi ya sa tun suna saurayi da budurwa ta daina rubuta masa komai.

Da ya yi ritaya sai ya mai da idon nan kan littattafan Bishara huɗu na cikin Littafi Mai Tsarki. Uku daga cikin huɗun suna ba da labarin Yesu kusan da kalmomi iri ɗaya, masana kuma sun daɗe suna gardamar wa ya kwafi wa. Baba ya sayo tsofaffin kwafi ya yanka su da reza, abin da ya sa Mama ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. Ya manna ayoyin jeri uku a manyan littattafan rubutu, sannan ya bi su kalma-kalma yana jan layi da fensir. Ja in duka ukun sun dace, shuɗi in ta farko da ta biyu ce kawai, kore in ta biyu da ta uku, ruwan ɗorawa in ta farko da ta uku. Haka ya cika littafi goma sha ɗaya.

Abokin gardamarsa wani tsohon malamin makarantar fastoci ne, muna ce masa Malam. Duk Asabar da yamma zai zo su zauna a baranda.

"Ta biyun, gajerar, ita aka fara rubutawa," in ji Malam. "Yawancin masana a kan haka suke. Kai da ko harshen asalin ba ka iya ba?"

"Ita ce ta ƙarshe," in ji Baba. "Mai ita ya ajiye biyun nan a gabansa ya taƙaita. Masanan naka sun taɓa zama da mai kwafa? Ni na san hannunsa. Bari in gama, launi zai nuna maka."

Ni dai shayi nake kawo musu in wuce. Ban taɓa buɗe ko littafi ɗaya ba, a ganina rigimar tsofaffi ce.

Bara, yana asibiti za a yi masa aikin ido, rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Na tarar da littattafan sun jiƙe, sun yi funfuna, suna wari. Na shanya su, na kai shagon kwafi aka ɗauki kowane shafi, aka ɗinke da bango mai kyau. Tsofaffin kuwa na zuba su a shara, har ina yaba wa kaina.

Idon bai gyaru ba. Da ya dawo gida na ɗora masa sababbin a cinya, ya shafa bangon ya yi ta sa mini albarka. Sai bayan nan na buɗe ɗaya. Rubutu na nan ras, amma kowane layi toka-toka ne, domin injin baƙi da fari ne. Na rufe, na yi wata biyu ban gaya wa kowa ba.

Ran nan Malam ya zo, gardama ta yi zafi, Baba ya kira ni.

"Auta, ɗauko na huɗu, shafi na sittin. Gaya masa launin layin sama."

Na buɗe. Malam ya leƙa shafin, ya dube ni.

"Ja ne, Baba," na ce.

Baba ya ce, "Kore ne. Da hannuna na ja shi." Ya miƙo hannu ya laluba takardar, ya ji ta sumul, babu tudun manni, babu sawun fensir. "Ina na asalin?"

Na durƙusa na faɗi gaskiya ina kuka. Da ma ya yi mini faɗa, da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe ba ki taɓa duba ciki ba."

Washegari na sayo fensira huɗu. Yanzu kullum in na taso aiki sai in zauna kusa da shi, in karanta masa jeri ukun a hankali, shi ya faɗi launi, ni in ja. Malam ma yakan karɓe ni ran Asabar, yana jan layin da yake fatan ba zai kayar da shi ba.

Baba ya yi shekara tara a kan aikin nan lokacin yana gani. Bana shekararsa tamanin da biyu, yana gajiya da wuri, mu kuma muna shafi na arba'in a littafi na farko.