Buhu Biyu na Ƙasar Gindin Madobiya

Ya kamata mai karatu ya san inda bayanina ya tsaya. Abin da ya shafi hanya da mutane na gani da idona, a farkon daminar bana. Abin da ya shafi funfuna kuwa, wato dangin halittar nan da naman kaza yake cikinsu, daga karatuna ne na jami'a, kuma ba ni da na'urar da zan tabbatar da shi a kan itatuwan da na ziyarta. Duk inda na ce "mai yiwuwa", iyakar sanina ke nan.

Madobiya tana ƙarewa a dazukanmu saboda masu sarar katako. Baba Ɗanjumma, dattijon da nake taimaka wa a wurin renon dashe a Gusau, ya shuka irinta da wani manomi ya kawo daga wajen Ruwan Bore kafin a sare uwar. Sun tsiro, sannan suka tsaya cik, ganye ya koma rawaya, kusan kullum ana fitar da matacce. Waɗanda suka rage kwando ɗaya zai ɗauke su. Da yashin rafi da taki aka cika ledojinsu. Na karanta cewa akwai funfuna mai amfani da ke zama a saiwa tana jawo wa itace ruwa da abinci, kuma ana samun ta a ƙasar gindin babbar bishiya mai lafiya. Akwai kuma mai ruɓar da saiwa, ita ma a ƙasa take, kuma ido ba ya raba su. Don ɗebo ƙasa mai kyau na yi wannan tafiya.

Gusau zuwa Kwatarkwashi

Na isa tasha bayan sallar asuba, amma ba mu tashi ba sai da rana ta fito sosai. Direban, Malam Sale, ya ce ba ya hawa titin nan sai ya ga motoci sun fara shigowa daga wancan ɓangaren, domin shigowarsu ce shaidar hanya a buɗe take. Har muka isa ba wanda ya yi hira. Kowa yana kallon daji ta tagarsa.

A bayan duwatsun Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bungudu, wani manomi ya nuna mini madobiya ɗaya a gefen gonarsa. Rabin rassanta sun bushe. A gindinta naman kaza mai tauri ya fito kamar faifai, da na tona kaɗan sai saiwar ta marmashe a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Mai yiwuwa mai ruɓarwar ce. Na ɗebi ƙasar a ƙaramin buhu don a bincika ta daga baya, na ɗaure bakinsa da jan zare. Na sa sabulu na yi ta wanke hannuna da fartanyar da na yi tono da ita har manomin ya yi dariya.

"Malam, ƙasa ta hwa, ba gawa ba."

Na ce masa bishiyar tasa ma ta kusa.

Tsafe

Na kwana gidan Kawu Isiya, ƙanen mahaifiyata. An kawo hoce da miyar sure. Da ya ji zan wuce Bilbis neman babbar madobiya mai lafiya, sai ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Kai, ɗan nan, don icce zaka kai kanka can? Uwakka ta sani?"

Na ce ta san ina Tsafe. Sai ya ce akwai Malam Buba, makiyayin da suke hulɗa tun suna samari, shi kaɗai zai yarda ya haɗa ni da shi. Sharaɗinsa shi ne in dawo kafin la'asar, ko na samu ko ban samu ba.

Bilbis

Malam Buba ya tare ni a bakin gari, muka shiga ta cikin gonaki a ƙafa. Da yawansu ba a yi musu shuka ba duk da ruwa ya sauka, kuma ban tambayi dalili ba. Sau biyu muka ji ƙarar babura daga nesa, sau biyu ya ɗaga mini hannu muka durƙusa cikin sabara har ƙarar ta ɓace.

Bishiyar tana nan, babba, ganyenta kore shar, gindinta tsaf. Ya ce tun zamanin kakansa suke sassabe rassanta su ba shanu ganye da rani, amma ba su taɓa barin gatari ya taɓa gangar jikinta ba. Na yi amfani da sabuwar fartanya, na ɗebi ƙasa haɗe da ƙananan saiwoyi, na ɗaure da farin zare.

"Yi maza, Malam. In kana son ƙari ɗebi yanzu. Gobe da sahe muna tashi da shanu, ba mu san ranar dawowa ba."

Na so in ƙara, sai muka sake jin babur, wannan karon kusa. Muka juyo da abin da ke hannu.

Hanyar dawowa

Washegari a Tsafe na sake dacewa da motar Malam Sale. Na sa buhu ɗaya a bayan mota, ɗayan a ƙafafuna, don kada su haɗu ko da ta ƙura ce. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne yadda buhun ƙasa yake a idon mai tsaron hanya a Zamfara, inda masu haƙar zinare suke safarar ƙasa a ɓoye.

A wani shinge aka ce kowa ya sauko. Ɗaya daga cikin masu tsaron ya sa ƙafa ya taɓa buhun da na sauko da shi.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe. Ta gindin bishiya."

"Daga wane rami?"

Na fara bayanin saiwa da funfuna. Bai saurara ba. Malam Sale, don ya nuna ba ma ɓoye komai, ya buɗe baya ya fito da ɗaya buhun da kansa. Aka kawo kwanon sarki. Mutumin ya kwance farin zare ya juye, ya kai hannu ga jan.

"Don Allah, ranka ya daɗe, kada a haɗa su."

Ya ɗago ya dube ni. "Saboda me? Ɗaya ta fi ɗaya daraja ke nan?"

Na ga abokin aikinsa ya gyara riƙon bindigarsa. Wata tsohuwa a cikin fasinjoji ta fara salati ƙasa-ƙasa. Na ja da baya. Mutumin ya juye ta biyun a kan ta farkon, ya cuɗa da hannu, ya ɗebi kaɗan a tafinsa ya zuba ruwa, ya karkata wajen rana yana neman ƙyalli. Da bai ga komai ba sai ya yarfe hannunsa.

"Ɗan boko, ka bar ƙasar Gusau duka ka zo nan ɗiba? Kwashe ku tafi."

Malam Sale ya kwashe ta tas a buhu ɗaya, ya miƙo mini yana murmushi. "Ga ta nan, Malam, ko ƙwara ba ta zube ba. Yanzu ma ta hi sauƙin ɗauka."

Na yi masa godiya, domin da zuciya ɗaya ya yi.

Gusau

Mun iso kafin azahar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu Isiya, da Malam Buba wanda ban san inda shanunsa suka kwana ba yau.

Na wuce wurin reno kai tsaye. Baba Ɗanjumma ya nuna mini wasu ledoji da suka zama fanko a bayana. Na gaya masa duk abin da ya faru, na ce cikin buhun nan mai yiwuwa akwai abin da zai raya su, mai yiwuwa kuma akwai abin da zai kashe su, kuma kafin a aika ƙasar bincike sakamako ya dawo, ban tabbata za a sami mai rai a kwandon ba.

"To a zuba ma rabi, a bar rabi," in ji shi.

Na ce rabin da aka bari suna mutuwa da ma, rabin da aka zuba wa kuma, in cutar ce, ruwan ban-ruwa da hannuwanmu za su iya kai ta ga sauran dashen wurin. Ya zauna a kan bulo yana kallon buhun.

"Kai ka yi karatun, Malam. Abin da ka ce shi za a yi."

Buhun yana ɗakina a ɗaure, nesa da dashen. Ƙasa tana bushewa, abin da ke cikinta ba zai jira ni har abada ba. In zuba ta a gindinsu, ko in bar su a yashinsu? Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ban sani ba.