Hajiya Bahijja Maharazu, Mai Zauren Yakasai

An haifi Hajiya Bahijja a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano, a shekarar 1962. Mahaifinta, Malam Maharazu, maɗinkin manyan riguna ne, mahaifiyarta kuwa ita ce Hajiya 'Yardada. Bahijja ce babba cikin 'ya'ya bakwai. Mai wannan rubutu shi ne autansu, kuma ita ta goye shi har ya yi nauyin da ba ya goyuwa.

Karatu da aiki

Bayan ta sauke Alƙur'ani ta kuma gama firamare, ta shiga kwalejin horon malamai ta mata, inda ta kammala a 1982. Ta shafe shekara ashirin da biyar tana koyar da 'yan aji ɗaya ba tare da ta nemi canji ba, domin a cewarta na aji shida sun riga sun fi ƙarfin gyara.

Aure da iyali

A 1983 aka ɗaura mata aure da Malam Abdulbaƙi, mai sayar da littattafai a kasuwar Kurmi, wanda ya rasu a 2006. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ƙaraminsu, Mikail, wanda aka haifa a 1996, ya kai shekara biyar bai yi magana ba, ba ya haɗa ido da kowa, ƙara kuma tana firgita shi har ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. An yi rubutun sha, an yi hayaƙi, kowace gwaggo ta kawo nata malamin. Sai a 2003 wani likita ya tabbatar da cewa lalurar galahanga ce, wadda asibiti ke kira otizim, kuma abin da take buƙata shi ne horo da haƙuri.

Buɗe zaure

Da ta yi ritaya a 2007, ta share zauren gidanta ta fara tara yara masu irin wannan lalura, waɗanda iyayensu ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Dokokinta biyu ne: ba a ɗaga murya, ba a sauya wa tabarma wuri. Mikail ke riƙe mukulli, shi ke buɗe ƙofa kowace safiya. An naɗa mai wannan rubutu sakatare, muƙamin da akasarin aikinsa ɗebo ruwa ne. Damuwarta ita ce ba malama sai ita, ba kuma kuɗin da za ta ɗauki wata malamar da shi. Ta sha cewa, "In na mutu ranar Talata, Laraba ina yaron nan zai je?"

Neman tallafi

A 2016 wata gidauniya da ke ba da tallafi domin binciken wannan lalura da hidimar al'umma ta aiko wakilai su ga zauren. Dattawan unguwa, a ƙarƙashin jagorancin Alhaji Isiyaku, suka ce ba a karɓar baƙo haka kawai a Yakasai. Aka kafa rumfa, aka shafe zauren da sabon fenti, aka kwashe tabarmi aka jera kujerun haya, aka ɗaura lasifika biyu, aka ɗauko maroƙi. Da motar baƙi ta tsaya, mata suka rangaɗa guɗa. Yaran suka watse da kuka, iyaye suka kwashe su, Mikail ya yini a ƙarƙashin gado. Baƙin sun ci waina da miyar taushe, sun saurari jawabin sakatare har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi masa ba, sun tafi ba su ga yaro ko ɗaya ba. Tallafin ya tafi wani gari.

A 2018 ta sake nema, ba ta kuma gaya wa kowa ranar zuwan baƙi ba, har da sakataren. Ta zaunar da su a tabarma, ta ba su ruwa, suka yini suna kallon yara na koyon gaisuwa da ɗaura maɓalli. Da Alhaji Isiyaku ya ji labari, ya ce, "Hajiya, kin kunyata unguwa! Baƙi daga nesa, ko lemo babu?" Ta ce, "Alhaji, wancan karon sun sha lemo." Ya yi wata biyu yana amsa gaisuwarta da ka. A ƙarshen shekarar aka amince da tallafin. Da shi aka horar da malamai biyu, Kulu da Nana A'isha, aka yanka musu albashi, masu bincike daga jami'a kuma suka riƙa zuwa suna zama a inda aka ce su zauna.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta bayan sallar La'asar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Bisa al'ada, a zauren gidan mamaci maza ke zaman makoki. Alhaji Isiyaku da kansa ya ce a kai tabarmin ta'aziyya ƙofar gidansa, ya kuma mayar da mai lasifika tun daga bakin lungu.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Mukhtar, ma'aikacin jinya, da Turai, wadda ke zaune a Dukawuya, da Nana Hauwa, wadda ke Ƙofar Nassarawa, da Mikail, wanda ranar Laraba da safe ya ɗauki mukullinsa ya buɗe zauren, ya tarar da Malama Kulu tana jiransa a bakin ƙofa. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.