Dutsen Ƙofar Kicin

Mijina ya yi shekara talatin da ɗoriya a kamfanin siminti, kuma duk tsawon lokacin a wuri ɗaya yake tsayawa, gefen bel ɗin da ke kai dutse cikin injin niƙa. Aikinsa ya zuba ido, in ƙarfe ko katako ko tsumma ya biyo dutsen, ya cire kafin injin ya haɗiye. Ba a taɓa ƙara masa girma ba, shi ma bai taɓa nema ba. Abin da ya fito da shi daga wurin shi ne kunne ɗaya da ya mutu, da tarin safe, da duwatsu.

Dutsen da ake fasawa a ramin kamfanin fari ne, ba shi da tauri sosai. Wani lokaci in nakiya ta tarwatsa shi, sai a ga abu a cikinsa kamar koɗin katantanwa, amma ya riga ya zama dutse. Sauran ma'aikata suna gani su bar shi ya wuce. Shi kuwa sai ya miƙa hannu ya ɗauke, ya jefa cikin kwanon abincinsa. Ranar da ya kawo na farko, ya ɗora mini a tafin hannu kamar wanda ya tsinto zinariya.

"Ke, dubi wannan."

"Na gani. Dutse ne."

"Dabba ce. Injiniya ya ce nan duk teku ne a da can."

Na yi sakandare, an koya mana haka, na san ba ƙarya ba ne. Amma ni ce zan wanke kwanon da ya cika da farar ƙasa.

Daga nan abin ya zama ciwo. Duk ranar hutunsa sai ya zauna a tsakar gida da roba cike da ruwa, da ƙusa, da ƙaramar guduma. Ya ɓamɓare duk dutsen da ya manne wa koɗin, ya bi shi da burushin ƙarfe, ya goge da sanfefa har ya yi santsi, sannan ya shafa masa man sheƙi irin na kafintoci. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana cire datti daga cikin dutse, ba ya iya ganin abu da kaushi ya bar shi. Ya kafa katakai a bangon falo, ya jera su gida-gida, ya raɗa musu sunaye: masu naɗi, masu tauraro, kunnen jaki, da haƙora. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Koɗi, har yaranmu ake kira 'ya'yan Mai Koɗi a makaranta. Ba su ji daɗin sunan ba.

Guda ɗaya ne ya tsira daga hannunsa. Wani ƙato ne mai nauyi, mai naɗin ya leƙo rabi daga ciki, sauran duk gundumemen dutse. Ƙofar kicin ɗinmu ba ta tsayawa, iska kaɗan sai ta bugo ta. Ranar da ya kawo shi na ɗauka na tokare ƙofar. Ya roƙe ni, ya yi fushi, ya ce zai samo mini bulo. Na ce falo nasa, tsakar gida tasa, ƙofar kicin kuwa tawa ce. A nan dutsen ya zauna har yaran suka girma suka watse.

Da ya yi ritaya, jami'in gidaje ya zo ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata, gidan na kamfani ne. Autarmu, wadda take aikin jinya a birni, ta ce mu koma wurinta. Bene ne, ɗaki ɗaya za ta iya ba mu.

"Mama, ki faɗa masa tun yanzu," in ji ta. "Ko ku, ko duwatsun. Ɗakin ba zai ɗauki duka ba."

"Ubanki ne, ki faɗa masa da bakinki."

Ba ta iya ba. Sai ta ɗauki hotunansu a waya ta aika wa jami'a. Aka ce akwai wata malama mai nazarin burbushin halittun da, za ta zo ta gani. Shi ke nan mijina ya sa rai. A lissafinsa za a kwashe su duka, a sa a kabad ɗin gilashi, kowanne da sunansa na gaskiya a ƙasa. Ya sake sayo sanfefa da man sheƙi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya yi ta warin man har cikin abinci.

Malamar ta zo da hantsi. 'Yar gajeruwa ce, takalminta duk ƙura, da ganin idonta ka san ta sha mota. Ta gaishe mu, ta zauna a ƙasa gaban katakan, ta fito da ɗan gilashin da ke ƙara wa abu girma. Na ce ta riƙa yi masa magana ta kunnen dama.

Ta ɗauki mai tauraro. "Wannan bushiyar teku ce, Baba. Da tana da ƙayoyi, a nan suke makale. Wannan da kake ce wa kunnen jaki, kawa ce, wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu."

"Mai naɗin fa? Katantanwa ce ko?"

"A'a. Ka ga inda wannan ya fashe? Cikinsa ɗaki-ɗaki ne, katantanwa ba ta da haka. Dabbar tana da hannaye da yawa, tana zama a ɗakin ƙarshe, tana iyo. Irinta ya ƙare a duniya tun kafin a yi mutane."

Ya juyo ya kalle ni, wai in ji. Na ji.

"To wace iri ce a cikinsu?" ya tambaya. "Injiniya ya ce iri-iri ne."

Ta juya shi a hannu, ta shafa da babban yatsa, ta ɗauki wani, ta ɗauki wani. "Waye ya goge su haka?"

"Ni, da hannuna," ya ce, har da gyara zama.

Ta ajiye koɗin. Ba ta yi masa kwana-kwana ba, kuma na ga girmanta a kan haka. Ta ce tudu-tudun da ke bayan koɗin, da ƙurajen da ya kankare, da su ake bambance wannan iri da wancan. Ta ce dutsen da ya ɓamɓare ya zubar, a cikinsa akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ke taimakawa a gane zamanin da dabbar ta rayu. Sannan ta tambaya daga wane hawa na ramin kowanne ya fito, sama ko ƙasa.

"Daga bel," in ji shi. "Duk daga bel."

Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa sauka ramin ba, dutse a gauraye yake iso masa.

Na tashi in kawo mata ruwa don na gaji da kallon fuskarsa. Ta biyo ni za ta wanke hannu, sai ta tsaya a bakin kicin. Ta durƙusa, ta ɗora gilashin a kan dutsena, ta daɗe a haka.

"Mama, wannan ba a taɓa shi ba?"

"Tsintsiya kawai. Sai manja da ya taɓa zuba a kai."

"Za ki ba ni shi?"

"Ƙofar fa, ke za ki zo ki riƙe mini?"

Ta yi dariya, dariyarta ta farko tun da ta shigo. Mijina yana tsaye a bayanmu. Bai yi dariya ba.

"Sauran fa, 'yata?" ya ce.

"Baba, ɗakin ajiyarmu ya cika, rufin ma yoyo yake. Zan ɗauki kaɗan don ɗalibai su riƙa taɓawa a aji. Fiye da haka ba zan yi maka alkawari ba."

Ta zaɓi waɗanda za su shiga kwali ɗaya. Shi da kansa ya ɗauki na kicin ya kai mata mota, yana tafiya yana tari. Da ya dawo ya zauna a falo. Can ya ce, "Ashe da na bar su da dattinsu."

Na ce, "Ashe." Me zan ce masa? Ban tokare ƙofa don ilimi ba, iska ce ta dame ni.

Na zaci zai bar su a gidan ko ya raba wa maƙwabta. Bai yi ba. Ya kira wani direban tifa, tsohon abokinsa, suka loda su a buhuna suka mayar kamfani. Direban ne ya ba ni labari daga baya, ya ce mijina ya tsaya a tsohon wurinsa, ya zazzage su a kan bel, ya ce wa wanda ya gaje shi kada ya cire ko ɗaya. Ya tsaya har na ƙarshe ya shige injin. Kwanakin da suka rage mana a gidan, da jarkar ruwa na tokare ƙofa.

Yanzu muna wurin Auta. Ana wani gini a tsallaken titi, da buhunan simintin kamfanin nasu ake yi. Yakan ɗauki kujera ya zauna a baranda yana kallon magina har rana ta kore shi. Ban tambaye shi abin da yake kallo ba. Shekaranjiya kuma na same shi a durƙushe a falo da guntun sanfefa, yana goge ƙafar teburin surukinmu, mijin Auta, wai ta yi kaushi. Na karɓe sanfefar na sa a jakata.