Kofin Ruwa a Kan Bonet

Tana zaune a wurin sayar da motoci, tana jiran a sauya wa motarta baƙin mai, sai idonta ya faɗa kan wani dattijo. Siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, rigar aikinsa ta koɗe da guga. Motar da yake sayarwa, madaidaiciya mai ƙofa huɗu, an tura ta lungu kusa da bayi, jif-jif sun mamaye gaban gilashi.

Ga wani da matarsa suna wucewa. Dattijon ya tare su, ya tayar da injin, ya ɗora kofi cike da ruwa a kan bonet. Ruwan ko gezau. Yadda yake ajiye kofin kawai ya nuna mata ya shekara ashirin yana haka, wataƙila ma da kofin nan ya yi wa 'ya'yansa karatu.

"Baba, mu jif muke so," in ji mijin, ko kallon kofin bai yi ba.

Manaja, wanda bai wuce sa'an ɗan dattijon ba, ya leƙo daga ofis. "Baba, ka daina wahalar da kanka. Bana tara kacal muka sayar, baɗi ma za a daina ƙera ta."

"Ku kuka kashe ta," in ji dattijon, yana cije baki. "Wa zai sayi motar da aka jefar a bakin bayi?"

Ya kashe injin, ya ɗauki kofinsa. Ruwan da mota ta kasa girgizawa, ga shi nan yana zuba a hannunsa.