Faifai Mai Giɓi Biyu

Karatun mahaifinmu na azumi shida yana cikin wata tsohuwar laftof da nake aikin makaranta da ita a Talata Mafara. Duk watan Ramalana, idan Malam ya zauna tafsiri a zauren gidanmu na Bakura, nakan ajiye waya kusa da buzunsa in ɗauki murya, in na dawo in juye a laftof. Wayoyin sun daɗe da lalacewa. Malam ma Allah ya karɓi abinsa. Muryar tasa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan akwalar, ni kuma da sakarcina ban taɓa tunanin ajiye ta wuri biyu ba.

Ran nan na kunna ta sai na ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, kamar ɓera ya samu gyaɗa. Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Ya kara kunne, ya kashe ta da sauri, ya ce hadis ɗina ya kusa mutuwa. Baffa, ƙanin Malam, yana tare da ni, don Talata ce, ranar kasuwa, ya kawo shanu daga Janbako. Ya ce, "Subhanallahi. Bawan Allah, gyara bakinka, hadisi bai mutuwa." An daɗe kafin ya yarda cewa faifan da ke cikin na'urar ake nufi, kuma ko da ya yarda bai daina hararar mai gyara ba.

Mai gyara ya ce kada in kuskura in sake kunna ta sai na tanadi inda zan juye komai a zama ɗaya, don wataƙila kunnawa ɗaya ta rage mata. Ya ce in nemi sabon faifai irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, es-es-di, ɗan siriri da bai wuce tsawon yatsa ba. Ya ɗauko wani ɗan gida na ƙarfe da ake zura faifan a ciki a jona da laftof, na saya nan take. Faifan ne ba shi da shi, sai dai Sakkwato. Ya ce da ni, "Yana da haƙora masu ruwan zinariya a gefe ɗaya. Akwai mai giɓi ɗaya, akwai mai giɓi biyu. Gidan nan mai giɓi biyu yake ɗauka. Kada ka manta."

Ni ban manta ba. Jarrabawa ce ta ɗaure ni a makaranta, Baffa kuwa zai je Sakkwato ta'aziyya, sai na aike shi. Na faɗa masa sau uku, na rubuta a takarda, na sa masa a aljihu da hannuna. Ya ce, "Na jiya, ni ba kurma ne ba."

Da ya dawo na hau babur na bi ta Maradun zuwa Janbako, gidan faifan a aljihuna, hanya tana jijjiga ni kamar za ta zazzage mini hanji. Muka gaisa, gaisuwar da sai da ta bi ta kan kowace saniya a garke, ni kuwa idona na kan ledar da ke gefensa. Da ya miƙo na buɗe. Giɓi ɗaya.

Na ce, "Baffa, biyu fa na ce."

Ya gyara zama. Ya ce mai shago ya ɗauko masa duka biyun, shi kuma ya karɓa ya duba bakin kowanne kamar yadda ya saba. "Shekara arba'in ina buɗe bakin sa. Duk dabbar da giɓinta ya kai biyu ta ci zamaninta. Na tambayi mai shago, tsakaninka da Allah wanne ne tsoho? Ya ce mai giɓi biyu shi ne tsohon yayi, wanga shi ne sabo, kuma ya hi gudu. To, muryar yayana za ni sawa cikin tsohuwa?"

Abin haushin, mai shago bai yi ƙarya ba. Na zaro gidan na gwada, faifan ya cije a bakin ƙofa. Na juya shi, ya ƙi. Baffa ya ce in tura da ƙarfi. Na ce zai karye. Ya karɓa ya ɗaga shi a rana yana ƙanƙance ido, sannan ya ce abu mai sauƙi ne, akwai maƙeri nan bayan gida, a kai masa ya ɓalle haƙori ɗaya, shi ke nan giɓi ya zama biyu.

A nan zuciya ta ɗebe ni. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, Malam ya yi mini faɗa a kai har ya gaji. Na ce masa wannan ba saniya ba ce, na ce aika na yi ba shawara na nema ba, na ce idan laftof ɗin ta mutu kafin a juye, shi ya jawo. A gaban maƙwabtansa biyu na faɗi haka. Baffa ya sauke hannunsa. Ya mayar da faifan a leda, ya naɗe, ya tura ƙarƙashin tabarma. Na hau babur ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba. Kafin in kai Maradun fushin ya wuce, kunya ta maye gurbinsa, ga tsoro a ƙasan raina, don na san laifin asali nawa ne.

Kwana biyu tsakani, ina cikin aji aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Baffa ne, da ƙurar mota a gira. Ashe Sakkwato ya sake komawa. Na ɗauka ya musanya faifan. Ina, faifansa na nan da giɓinsa ɗaya, sabon gida ya sayo masa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari. Faifan lahiya lau yake, turkenka ne bai dace ba. Mu tahi."

Mai gyara ya zura faifan, ya shige sumul. Ya ce gaskiya wannan ya fi wancan kyau, sai dai laftof ɗina ta tsufa, ba za ta mori gudun ba. Rabin farko kawai Baffa ya ji, kuma ya sa aka maimaita masa.

Aka yi bismilla aka kunna. Ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru, ta kawo haske. Daga azahar har bayan la'asar muna zaune muna kallon wani koren layi yana rarrafe. Sau biyu yana tsayawa cak, sannan ya ci gaba. Baffa ya hana kowa tari kusa da teburin, wani da ya shigo cajin waya ma sai da ya sa shi ya yi magana ƙasa-ƙasa. Da layin ya kai ƙarshe, mai gyara ya ce komai ya fita, ya cire faifan ya jona a tasa kwamfutar don mu tabbatar. Ya danna karatu ɗaya daga tsakiya, ba zaɓe.

Muryar Malam ta cika shagon, da ɗan tarin nan nasa kafin ya ja aya. Yana cikin fassara sai ya dakata, aka ji motsin takalmi a bakin zaure. Malam ya ce, "Wa ke nan? Au, sarkin shanu, sai yanzu? Shigo ka zamna."

Baffa ya ce, "Na'am, Yaya."

Ya cire takalmansa, ya sauka daga benci, ya zauna a ƙasan shagon ya tanƙwashe ƙafa. Mai gyara ya kai hannu zai tsayar, na riƙe shi. Muka bar karatun ya ci gaba.