Anti Lamisi ta Lambun Alajo

Da hantsi in ka bi ta bakin rafin Alajo a birnin Accra, za ka tarar da wata doguwar mace sanye da takalmin roba, mayafi ɗaure a ƙugu, tana bin fangalin latas tana juya ganye don duba tsutsa. Lamisi Osman ke nan, malamar gona, wadda manoman lambu ke kira Anti Lamisi. Daga unguwar Maamobi take hawo trotro, wato motar haya, kullum. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da mutane suka gani.

Da yawa cikinmu ba mu san ana noma a tsakiyar Accra ba, alhali ganyen miyar nan, ayoyo, da muke cin tuwon zafi da shi a unguwar Nima daga lambunan nan yake fitowa. Gwamnati ba ta manta da manoman ba, tallafin ne a warwatse. Iri a wannan ofis, taki a wancan, injin ban-ruwa a wani daban, kowanne da tasa rajista. Iri ya iso bayan an gama shuka, taki ya zo an riga an cire latas. Manomin da ya bar lambu ya je bin layi kuwa, ya dawo ya tarar da ganye ya yi yaushi.

A shekarar da ambaliya ta share lambun, Baba Osumanu, wani dattijo mutumin Tawa ta Nijar, ya zaga ofisoshin nan har ƙafarsa ta kumbura. Ya samu Anti Lamisi ya ce, "Anti, na gaji. Mai iri ya tura ni wurin mai taki, mai taki ya ce bai san sunana ba. Zan tafi tashar Circle in yi dako, ko yara su samu abin ci."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba za ka sake zuwa wurinsu ba. Su za su zo nan, in sha Allah."

Bai yarda ba, ya tafi. Ita kuwa ta haɗa manoman, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka zama ƙungiya ɗaya. Sannan ta shiga bin ofisoshin da kanta. Wani babba a wurin aikinta ya ce ta tsaya a matsayinta, kuma da aka yi ƙarin girma a shekarar, aka tsallake ta. Ba ta fasa ba. Aka yi watanni kafin ta tara jami'an ofisoshin duka a ƙarƙashin mangwaron lambun. Roƙonta ɗaya ne: rajista guda, kuma iri da taki da inji su iso tare kafin shuka. Suka amince a gwada. Ta kuma kawo Hajiya Zenabu ta kasuwar Nima da sauran mata masu sari, aka daidaita farashi a bakin lambu.

Ranar da kayan suka iso, ta hau mota zuwa Circle. Ta samu dattijon da buhun albasa a ka. Ta ce, "Baba, sauke. Fangalinka na jira." Yau shi ke kula da injin ƙungiyar, iyalinsa kuma sun bar ɗakinsu na da, wanda ruwa ke shiga.

Anti Lamisi, ke ce kika ɗauki wahalar layi kika bar manomi da shukarsa. Ke ce uwar lambu, wadda aka hana girma a ofis ta same shi a bakin mutane. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya.

Ku da za ku gaje ta, kada ku bar abin da ta haɗa ya sake warwatsewa. Ku fito ku je inda manomi yake, tun bai fid da rai ba.